Duba kayan ciki da na'urar sikanin: jagora ga masu duba mutane, karnuka da kyanwoyi

Hanta, saifa, ƙoda da mafitsara duk suna ɓoye a bayan fata da tsoka, amma kowannensu yana da girmansa, da siffarsa, da irin hasken da yake bayarwa a allon na'ura idan lafiyarsa ƙalau. Wanda ya san wannan kama ta asali ciki da bai, shi ne zai gane ta ranar da ta sauya. Yawancin cututtukan da ke kuɓuce wa mai dubawa ba gazawar na'ura ce ke jawo su ba. Ko dai ba a shirya majiyyaci yadda ya kamata ba, ko an yi ta tsalle daga wannan sashe zuwa wancan babu tsari, ko kuma an ga abu ɗaya mai ɗaukar ido an manta da saura. Saboda haka abin da wannan jagora ta fi ba wa ƙarfi shi ne tsari: hanya guda da za a bi kowace rana, a kan kowane majiyyaci, mutum ne ko dabba.

Abin da allon ke nunawa

Na'urar tana aiki ne da sautin da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Jinmu yana tsayawa a wajen girgiza 20,000 cikin daƙiƙa, ita kuwa na'urar asibiti tana aika girgiza miliyan 2 zuwa miliyan 15 ko fiye; girgiza miliyan ɗaya cikin daƙiƙa ita ake kira megahaz ɗaya. A cikin kan na'urar, wato abin da ake ɗorawa a fata, akwai wasu ƙwayoyi da ke girgiza idan lantarki ya shige su, su kuma fitar da lantarki idan sauti ya buge su. 'Yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, ne suka gano wannan ɗabi'a a Faransa a 1880, sai kuma a 1958 Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Glasgow suka wallafa aikinsu kan duba ƙari a ciki da wannan sauti.

Na'urar tana ɗauka cewa sauti yana gudun mita 1540 cikin daƙiƙa a naman jiki. Da wannan lissafi take auna lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo, ta ajiye ɗigo a daidai zurfinsa. Ruwa zalla ba ya mayar da komai, don haka fitsari, ruwan maɗaciya da jinin da ke cikin jijiya suke fitowa baƙi ƙirin. Naman hanta da saifa yana fitowa toka-toka. Ƙashi da tsakuwa suna fitowa fari fat, da baƙar inuwa a bayansu. Iska ce babbar abokiyar gaba: inda nama ya haɗu da iska, fiye da kashi 99 cikin 100 na sautin yana komawa baya. Wannan shi ne dalilin shafa man jel, shi ne dalilin aske gashin dabba, shi ne kuma dalilin da ya sa hanji mai iska yake rufe duk abin da ke ƙarƙashinsa.

Mataki na farko: tambaya da shiri

Kafin ka kunna na'ura, ka san abin da ake nema. "A duba ciki" ba tambaya ba ce. Idonsa ya yi rawaya, ana so a san ko hanyar ruwan maɗaciya ce ta toshe? Karya ce da ta gama lokacin barbara makonni shida da suka wuce, ga ta tana yawan shan ruwa ta daina ci? Ka karanta sakamakon gwajin jini da na fitsari idan akwai, ka tambayi tiyatar da aka taɓa yi. Abin takaici ne a ɓata minti goma ana neman maɗaciyar da aka riga aka cire.

Babban mutum da za a duba masa saman ciki ya daina cin abinci awa 6 zuwa 8, amma yana iya kurɓar ruwa ya sha magungunansa. Dalilin a fili yake: da zarar abinci mai maiƙo ya shiga hanji, maɗaciya sai ta matse ta zubar da ruwanta, bangonta ya yi kauri kamar mai ciwo, ƙananan tsakuwoyi kuma su ɓace. Idan mara za a duba, wato mafitsara, mahaifa ko furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), ya sha ruwa kusan lita ɗaya awa guda kafin lokaci, kada ya yi fitsari. Mafitsara cikakkiya tana ture hanji sama, ta zama taga da ake leƙa abin da ke bayanta. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin a ba shi layin farko da safe, a kuma tsara masa yadda zai yi da maganinsa, kada sugansa ya faɗi yana zaune a layi.

Kare da kyanwa awa 8 zuwa 12 babu abinci, a bar musu ruwa, a kuma hana su fita yin fitsari awa biyu zuwa uku kafin dubawa. Kwikwiyo da ɗan kyanwa ba a barin su da yunwa haka, sugansu yana faɗuwa da wuri. Zomo kuwa ba a hana shi ci sam. Ba ya amai, kuma hanjinsa yana iya tsayawa cak idan ya daɗe bai ci ba.

Askin gashi wuri ne da masu dabbobi ke yawan roƙon a yi musu rangwame, kuma bai kamata a yi ba. A aske da reza mai lamba 40 tun daga ƙahon zuciya har ƙashin mara, a faɗaɗa zuwa kwiɓi biyu, a haura kan haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe, musamman a dama. A goge da ɗan sifirit don ya cire maiƙon fata, a shafa jel, a ba shi minti biyu zuwa uku ya jiƙa fatar. Hoton da za ka samu bayan wannan ɗan jiran ya bambanta ƙwarai da na wanda ya yi gaggawa. A kwantar da dabbar rigingine a kan shimfiɗa mai taushi mai kwari a tsakiya, ko a kan gefenta, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya, ɗaki shiru, fitila a rage. Karen da ke haki yana haɗiyar iska, hoton kuma yana rawa, don haka ɗan maganin kwantar da hankali daga likitan dabbobi ya fi kokawa. Gargaɗi guda mai nauyi: dabbar da numfashi ke yi mata wuya kada a kwantar da ita rigingine. A duba ta a tsaye ko a kan ƙirjinta, domin kwantar da ita rigingine yana iya zama ajalinta.

Mataki na biyu: zaɓen kai da saiti

Ƙa'idar ita ce, yawan megahaz yana ba da hoto mai kaifi amma ba ya nisa, ƙarancinsa yana nisa amma hoton ya yi dishi-dishi. Cikin babban mutum yana son kai mai lanƙwasa na megahaz 2 zuwa 5. Kyanwa, ƙaramin kare da jariri suna son ƙaramin kai mai lanƙwasa na 5 zuwa 8, wanda ke shiga tsakanin haƙarƙari. Miƙaƙƙen kai na 7 zuwa 15 shi ne na hanji, afendis (ɗan wutsiyar da ke maƙale a farkon babban hanji), fuskar hanta da ƙodar kyanwa.

Kowane kai yana da alama a gefe ɗaya. Idan kana yankan tsaye, wato hoton da ke bin tsawon jiki, alamar ta kalli kan majiyyaci. Idan kana yankan gicciye, wato hoton da ke ratsa faɗin jiki, ta kalli damansa. Ka taɓa gefen da yatsa ka ga inda allo ya motsa kafin ka fara, domin juya dama da hagu kuskure ne da ke iya kaiwa har ɗakin tiyata. Daga nan ka daidaita abu huɗu. Zurfi: sashen da kake dubawa ya cika kusan kashi biyu cikin uku na allon. Haske: ka rage ko ka ƙara har ruwan mafitsara ko na jijiya ya zama baƙi tsaf. 'Yan maɓallan da ke jere a gefe suna gyara haske zurfi-zurfi, ka jera su har hanta ta yi launi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Sai wurin kaifin hoto, wanda za ka ajiye a daidai abin da kake kallo ko ɗan ƙasa da shi. Waɗannan ba saiti ne na sau ɗaya ba, ana taɓa su duk lokacin da aka sauya sashe.

Ka riƙe kan kamar alƙalami, gefen tafin hannunka yana jingine a jikin majiyyaci. Kowane sashe ka share shi daga wannan baki zuwa wancan har ya ɓace daga allo, sannan ka juya kan ka sake share shi ta ɗaya fuskar. Abin da ya bayyana ta fuska ɗaya kawai, tukuna ba ka gan shi ba.

Mataki na uku: zagayen ciki

Ka fara da hanta. Ka ɗora kan a ƙarƙashin ƙahon zuciya kana kallon sama, ka ce wa mutum ya ja dogon numfashi ya riƙe. Hantar za ta sauko daga bayan haƙarƙari. Idan ta ƙi, ka juya shi kan gefensa na hagu, ko ka leƙa ta tsakanin haƙarƙari yana ɗaga hannun dama sama da kai. Lafiyayyar hanta sumul take, bakinta na ƙasa mai tsini, tsawonta a layin tsakiyar ƙashin wuya bai cika wuce santimita 15 zuwa 16 ba. Ka kawo ta allo ɗaya da ƙodar dama ka kwatanta: haskensu kusan ɗaya ne, ko hanta ta ɗan ɗara. Idan hanta ta yi fari sosai ƙoda ta koma baƙa a kusa da ita, bangon jijiyoyinta ya dushe, can ƙasa kuma hoton ya yi duhu, kitse ne ya taru. Idan fuskarta ta yi gududdugu, namanta ya yi kaushi, ga saifa ta girma ga ruwa kwance a ciki, hanta ce da ta daɗe tana ciwo har ta ƙanƙance. Babbar jijiyar da ke kawo mata jini daga hanji bai kamata faɗinta ya wuce milimita 13 ba.

A kare babu lamba guda ta girman hanta, tunda akwai mai kilo biyu akwai mai kilo sittin. Ana duba bakinta ne: idan ya dakushe ya zama kewayayye, ya kuma zarce haƙarƙari sosai, ta kumbura. A kyanwa akwai wani dunƙulen kitse a ƙarƙashin hanta da sababbin hannu ke ɗauka hanta ce. Shi ne ma'auninka. Hanta lafiyayya ba ta fi shi haske ba. Idan ta fi shi, a kyanwa mai ƙiba da ta yi kwanaki ba ta ci ba, ka yi zargin kitse ya cika ƙwayoyin hantar, kuma wannan ciwo ne da ba ya jira.

Maɗaciya jaka ce baƙa mai siririn bango a ƙarƙashin hanta. A mutum kaurin bangon bai kai milimita 3 ba, kuma a auna bangon da ke jingine da hanta. A nan ne ake bambance abubuwa uku da ke rikita mutane. Tsakuwa fara ce, tana da inuwa, kuma idan ka juya majiyyaci za ka ga ta gangara a hankali zuwa sabon ƙasa. Tsiron nama yana maƙale a bango, ba shi da inuwa, ba ya motsi; wanda ya kai milimita 10 ana tura shi ga likitan tiyata. Laka kuwa tana kwanciya ne shimfiɗe, tana malala sannu a hankali. Don haka juya majiyyaci wajibi ne. Ka bi wuyan jakar har ƙarshe, nan tsakuwar da ta maƙale take ɓuya. Idan ka danna da kan na'ura daidai kan maɗaciya mutum ya yanke numfashi saboda zafi, ga tsakuwa ga bango mai kauri, kumburi ne mai zafi. Amma kaurin bango shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ciwon zuciya, ciwon hanta da ƙarancin sinadarin furotin a jini duk suna kawo shi. Bututun da ke kai ruwan maɗaciya hanji faɗinsa har milimita 6 ne, yana ɗan ƙaruwa da tsufa, kuma yakan kai 10 ga wanda aka cire wa maɗaciya. A kare kusan milimita 3 ne, a kyanwa 4.

Laka a maɗaciyar kare abu ne da ake yawan gani ba tare da ciwo ba. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta daskare ba ta motsi, ta yi zane kamar tauraro daga tsakiya zuwa bango. Irin wannan jaka tana iya fashewa.

Fankiriyas, wato sashen da ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci, yana kwance a gicciye bayan tumbi, kuma shi ne ya fi kowa wahalar gani. Ka nemi jijiyar saifa tukuna, yana nan kwance a gabanta. Idan iska ta rufe, mutum ya sha kofi biyu na ruwa ya zauna a kishingiɗe, tumbin ya zama taga. Bututunsa bai wuce milimita 3 ba. A kare mai amai da ciwon ciki, alamar kumburinsa ita ce shi ya yi duhu, kitsen da ke kewaye da shi ya yi fari. In ba ka gan shi duka ba, ka rubuta haka ƙarara.

Saifa tana hagu, can baya da sama, a ƙarƙashin haƙarƙari na 9 zuwa na 11. Tsawonta a babban mutum har santimita 12 zuwa 13. A kare doguwa ce kamar harshe, tana kusa da fata, ta fi hanta haske, kuma wasu magungunan kwantar da hankali suna kumbura ta, don haka ka san abin da aka ba shi kafin ka ce ta girma. A kyanwa kaurinta bai kai santimita ɗaya ba. Ƙari a saifar tsohon babban kare tare da ruwa a ciki lamari ne na gaggawa, domin sau da yawa ruwan nan jini ne.

Sai ƙoda. A mutum ta dama ta fi ta hagu sauka ƙasa saboda hanta. A kare ta dama ce ta fi matsawa gaba, tana ɓuya ƙarƙashin haƙarƙari, shi ya sa aka ce a faɗaɗa aski a dama. Tsawon ƙodar babban mutum santimita 9 zuwa 12 ne, kuma bambancin da ya wuce ɗaya da rabi tsakanin biyun yana buƙatar bayani. Ta kyanwa kusan 3 zuwa 4.3 ce. A kare ana raba tsawon ƙoda da faɗin babbar jijiyar jini ta ciki da ke saukowa daga zuciya, sakamakon ya faɗa tsakanin 5.5 da 9.1. Kuskuren da aka fi yi shi ne awo a karkace, wanda ke gajarta ƙoda lafiyayya. Ka juya kan a hankali har ka sami tsawo mafi yawa da bakuna biyu a fili.

Ka dubi abu uku: ɓawon waje, 'yan sassan ciki masu duhu masu siffar dala, da farin tsakiya. Ƙodar da ta daɗe tana ciwo takan ƙanƙance, ta yi fari, iyakar ɓawo da ciki ta ɓace, ko da yake ta mai ciwon suga tana iya riƙe girmanta har ciwon ya yi nisa. Idan fitsari ya taru saboda toshewa, farin tsakiyar yana buɗewa da baƙin ruwa mai rassa kamar yatsun hannu da ke haɗe da juna. Kada ka yi saurin yanke hukunci a kan ɗan buɗewa kaɗan: mafitsara cike maƙil, juna biyu, ko ƙarin ruwa ta jijiya duk suna kawo shi. Mutum ya je ya yi fitsari ka sake dubawa. Ƙulli mai ruwa guda ɗaya, kewayayye, mai siririn bango, baƙi tsaf, da haske a bayansa, abu ne da ake yawan samu ga manya kuma galibi ba ya cutarwa. Masu yawa a ƙoda biyu kuwa suna iya zama ciwon gado, a mutane da kuma kyanwoyi jinsin Farisa. Ɓawon ƙodar kyanwa mai ƙiba yana iya yin fari saboda kitse alhali tana lafiya.

Kafin ka sauka mara, ka bi babbar jijiyar jini daga ƙahon zuciya zuwa cibiya inda take rabuwa biyu. A auna daga bayan bango zuwa bayan bango. Santimita 3 ko fiye kumburi ne, kuma a wajen 5.5 ake fara maganar tiyata ga maza. Minti ɗaya wannan yake ɗauka, kuma yana ceton rai.

Hanji yana da zobe biyar a bangonsa, fari da baƙi suna bin juna, kuma da miƙaƙƙen kai ana ganinsu sarai a kare da kyanwa. Kauri tare da zoben a raye ya fi karkata ga kumburi. Kauri da zoben suka narke ya fi karkata ga ciwon daji. Hanjin da ya shige cikin ɗan'uwansa yana fitowa da'ira cikin da'ira, ana ganinsa a ƙananan yara da kwikwiyoyi. Kyanwar da ta haɗiye zare, hanjinta yana tattarewa kamar bakin wando da aka ja mazagi, da farin layi miƙe a tsakiya. A ɗaga harshenta a duba, sau da yawa bakin zaren yana naɗe a nan, kuma kada a ja shi. Afendis na mutum ana neman sa ne a inda majiyyaci ya nuna da yatsa, ana dannawa a hankali: bututu mai rufaffen baki, faɗinsa fiye da milimita 6, wanda ba ya lotsewa. Kare da kyanwa ba su da shi.

Mafitsara a cike ake duba ta, domin bangon wadda ba ta cika ba kullum kamar mai kauri yake. A cike bai wuce milimita 3 a mutum ba. Yawan fitsari ana samun sa ta ninka tsawo, faɗi da zurfi, sannan a ninka da 0.52: santimita 10 da 8 da 7 suna ba da kusan mililita 290. Bayan fitsari, abin da ya rage ƙasa da mililita 50 ba matsala. Tsakuwa tana gangarawa, gudan jini yana motsi ba inuwa, ƙari kuwa yana tsaye a wurinsa da jini yana gudana a cikinsa. Namijin kyanwa da ke ta yunƙuri fitsari ba ya fita, mafitsara ta yi tauri kamar dutse, ba ya buƙatar a gama zagaye; a buɗe masa hanya tukuna.

Bayan mafitsara ne mahaifa take. Macen da gwaji ya nuna tana da ciki, ga ciwon mara, mahaifa babu komai, ga ruwa a bayanta, a ɗauka cikin ya zauna a wajen mahaifa har sai an tabbatar da akasin haka. A karya, mahaifar da ba ta da ciki da ƙyar ake ganinta. Idan ka ga bututu biyu cike da ruwa mai gurɓata makonni kaɗan bayan lokacin barbara, mugunya ce. Cikin karya kwana 63 ne a ƙiyasi, ana tabbatar da shi da bugun zuciya daga wajen kwana 25 zuwa 30. Bugun 'ya'yan ya kamata ya haura 200 a minti. Ƙasa da 180 alamar wahala ce. Ƙirga yawansu da sikanin ba abin dogaro ba ne, hoton ƙashi bayan kwana 45 ya fi.

Inda ido ke ruɗuwa

Wasu abubuwan da ke allo babu su a jiki. Shamakin da ya raba ƙirji da ciki yana aiki kamar madubi, sai ka ga hanta a ɓangarorinsa biyu, har wani ya ce ya yage. Gefen abu mai lanƙwasa yana jefa siririyar inuwa ba tare da tsakuwa ba. Hanji mai iska da ke jingine da maɗaciya ko mafitsara yana iya zuba ƙura ta ƙarya a cikinsu. Inuwar tsakuwa baƙa ce tsaf, ta iska kuwa datti-datti ce mai layuka. Maganin duka ɗaya ne: sauya kusurwa, juya majiyyaci, rage haske. Abin gaske yana nan, na ƙarya yana gushewa. Haka launin da ke nuna gudun jini: ja yana nufin jinin yana tahowa wajen kan na'ura, shuɗi yana nufin yana tafiya, ba ruwansu da wace irin jijiya ce.

Idan babu lokaci

Bayan haɗari ko faɗuwa, tambaya ɗaya ce: akwai ruwa a sake? A mutum wuri huɗu ake leƙawa: tsakanin hanta da ƙodar dama, kewayen saifa da ƙodar hagu, bayan mafitsara, da jakar zuciya ta ƙarƙashin ƙahon zuciya. A kare da kyanwa ma wuri huɗu ne kwatankwacin waɗannan, a kwance kan gefe, ba ma sai an yi aski ba, a raba gashin a jiƙa da sifirit. Ruwan sake yana da kusurwoyi masu tsini domin yana bin tsakanin sassa ne. Rashin ganinsa a karon farko bai wanke majiyyaci ba. A maimaita idan bugun zuciya yana hawa ko dasashi yana fari.

Iyakar sikanin

Siffa ba ita ce sunan cuta ba. Dunƙule a hanta ko saifa yana iya zama tsiro marar illa, ƙurji ko daji, kuma sau da yawa kamanninsu ɗaya. Abin da ke rarrabewa shi ne a tsiro siririyar allura ana kallon bakinta a allo, a zuƙo ƙwayoyi a kai ɗakin gwaji, bayan an tabbatar jinin majiyyaci yana daskarewa yadda ya kamata. Haka nan ƙoda tana iya fitowa sumul alhali aikinta ya ragu, gwajin jini da fitsari ne ke faɗin aiki.

Huhu, ƙashi da ƙananan tsakuwoyin bututun fitsari sun fi fitowa a hoton eksire ko na siti sikan. Shi siti sikan na ciki yana ba jiki tururin radiyeshan kusan milisiba 8 zuwa 10, alhali abin da mutum ke samu daga muhalli a shekara kusan 2.4 zuwa 3 ne a matsakaici, don haka ba a yin sa don marmari, musamman ga yara da masu juna biyu. Ruwan aidin da ake zubawa a jijiya don siti sikan yana buƙatar a san lafiyar ƙoda. Na'urar ɗaukar hoto ta maganaɗisu, wato MRI, ba ta da wannan tururi, amma a tambayi duk wani ƙarfe ko na'urar bugun zuciya da ke jiki. Dabba kuwa galibi sai an sa ta barci kafin waɗannan biyun. Cikin tumbi da babban hanji da kyamarar bututu ake ganinsu.

Rahoto da tsabta

Ka adana hoton kowane sashe ta fuska biyu, da sunansa, da dama ko hagu, da awonsa. A rahoto ka bayyana abin da ka gani kafin ka faɗi abin da kake zato: wuri, girma a milimita, siffar baki, haske idan an kwatanta da naman kewaye, inuwa, motsi, gudun jini. Ka ambaci abin da ya ƙi ganuwa da dalili, domin likitan da ya ga an yi shiru a kan fankiriyas zai ɗauka lafiya yake. Ka amsa tambayar da aka aiko da ita a layin farko na ƙarshen rahoton, ka kuma faɗi mataki na gaba da lokacinsa.

Sannan ka goge jel daga kan na'urar da ƙyalle mai taushi, ka tsabtace shi da maganin da kamfanin ya amince da shi, domin sifirit yana busar da robar fuskarsa har ta tsage. A kan rauni, ko lokacin tsira allura, a sa wa kan riga a yi amfani da jel na ƙaramar leda marar ƙwayoyin cuta, ba na kwalbar da ake ta ƙara cikawa ba. Idan ka fara ganin baƙin layi yana saukowa daga saman allo a wuri ɗaya a kan kowane majiyyaci, wasu ƙwayoyin kan sun mutu ko wayar ta karye a ciki. A kai shi gyara kafin ya ɓoye wani abu a ƙarƙashin wannan layi.